A Daina Ba Da Maganin Naƙuda A Inda Babu Ɗakin Tiyata

Assalamu alaikum, Malam Edita.

Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida tamu mai farin jini mu yi magana a kan tayar wa mai ciki naƙuda da magani. Mu ma'aikatan ɗakin haihuwa ne, ungozomomi da likitocin mata. Jama'armu sun kasu gida biyu a kan wannan al'amari, kuma kowane gida yana jawo asara. Akwai waɗanda da sun ji an ce za a sa wa 'yarsu ruwan naƙuda, wato ƙarin ruwa mai maganin da ke sa mahaifa ta murɗa, sai su tattara ta su koma gida, wai ana son a yi wa Allah gaggawa. Akwai kuma waɗanda da naƙuda ta ɗan ja sai a aiki yaro kemis ya sayo ƙwayar miso mai murɗa mahaifa, ko a kira mai allura na unguwa. Magungunan nan suna ceton rai ba shakka, amma sai an auna su daidai, an zauna a kan mai cikin ana lura da ita, kuma akwai ɗakin tiyata da jini a kusa ko da abu zai juya. In ɗaya daga cikin ukun nan ya ɓace, maganin da ya kamata ya fito da ɗa shi zai fasa mahaifa.

Tambayar farko kafin a taɓa kowane magani ita ce: cikin ya kai? A asibiti da mako ake ƙirga ciki, daga ranar farko ta jinin al'ada na ƙarshe, kuma mako 40, wato kwana 280, shi ne ranar da ake rubuta wa mace a katin awo. Iyayenmu mata kuwa da watan sama suke ƙirgawa, shi kuma kwana 29 ne ko 30. Wata tara na sama bai wuce kwana 266 ba, mako 38 ke nan. Saboda haka wadda cikinta ya shiga wata na goma ba ta wuce lokaci ba, kada a ɗaga mata hankali. Wadda ta cika wata goma cif ita ce ta kai mako 42, kuma wannan an makara da ita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da cewa in ciki ya cika mako 41 naƙuda ba ta zo ba, a tayar da ita. Dalili shi ne mabiyiya tana tsufa, abinci da iskar da take kai wa ɗa suna raguwa, ruwan da yake kwance a ciki yana ƙafewa, wani lokaci ya yi kashinsa na farko a ciki ya shaƙa. A Suwidin an yi wani bincike da aka buga a 2019, a kan mata fiye da 2,700, inda aka tayar wa rabinsu naƙuda a mako 41, rabi kuma aka jira su zuwa mako 42. Dole aka tsayar da binciken bai ƙare ba, domin jarirai shida sun mutu a ɓangaren masu jira, a ɗaya ɓangaren kuwa ko ɗaya.

Sai dai wannan ƙa'ida tana aiki ne in an tabbatar da kwanakin. Sikanin da aka yi kafin mako 14 kuskurensa ba ya wuce mako guda. Wanda aka yi ciki yana wata takwas yana iya kaucewa da mako uku. Macen da ta yi kwanika, wadda ciki ya shiga tana shayarwa al'ada ba ta dawo ba, ba ta da ranar da za a ƙirga daga gare ta, sai sikanin farkon ciki. In aka tayar da naƙuda a kan lissafin da ba daidai ba, sai a fito da ɗan da huhunsa bai nuna ba, a wayi gari ana neman kwalabar bakwaini. Wannan kaɗai ya isa dalilin fara awo da wuri.

Ban da wucewar lokaci, akwai hawan jinin ciki. In awon jini ya kai 140 bisa 90 kuma fitsari yana nuna sinadarin furotin, ana son a raba uwa da ɗa da ciki ya cika mako 37. In ya tsananta, ya kai 160 bisa 110, ko ga ciwon kai da dishi-dishin gani da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, yawanci ba a jira ya wuce kwana guda. In ta riga ta yi jijjiga, a cikin awa 12 ake son ta haihu, bayan an ba ta allurar magnesiyam salfet mai tsayar da jijjiga. Ciwon ba ya warkewa sai mabiyiya ta fita, rubutu ko hayaƙi ba sa maye gurbin wannan. Akwai kuma fashewar faya ba tare da naƙuda ba, domin daga lokacin hanya ta buɗe wa ƙwayoyin cuta. Akwai ɗan da ya rasu a ciki, da wanda ya daina girma ko motsinsa ya ragu. Gajiya da ciki, gabatowar salla, ko tafiyar da maigida zai yi, duk ba dalilai ba ne. Ko cewar da mai sikanin ya yi wai ɗan ya yi girma, ita kaɗai ba ta isa ba, domin ƙiyasin nauyi a ƙarshen ciki yana yawan kuskure.

Akwai matan da ba a tayar musu da naƙuda ko kaɗan. Wadda mabiyiya ta tare mata bakin mahaifa, wadda ɗanta ya kwanta a gicciye, wadda mahaifarta ta taɓa fashewa, wadda aka taɓa yi wa aikin cire ƙari aka ratsa har cikin mahaifa, wadda aka yi wa aikin haihuwa da yankan tsaye a jikin mahaifa, da wadda aka ga ƙugunta ba zai ba kan ɗa hanya ba. A ƙasarmu dole a ƙara da wadda aka taɓa ɗinke wa yoyon fitsari: ita haihuwarta ta gaba aiki ce, a shirya shi tun kafin naƙuda, in ba haka ba ɗinkin ya warware. Shi ya sa ba a fara komai sai an shafa ciki an tabbatar kai ne a ƙasa, an san inda mabiyiya take, an duba tabon da ke mara an kuma tambayi tarihinsa.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba, har da wasu masu sa fararen kaya, shi ne aikin kashi biyu ne. Akwai nunar da bakin mahaifa, akwai sa mahaifa ta murɗa. Duk tsawon ciki bakin mahaifa a rufe yake, tsawonsa santimita uku zuwa huɗu, yana kallon baya, kuma da tauri. In ungozoma ta taɓa wanda bai nuna ba za ta ji shi kamar kan hanci, wanda ya nuna kuwa kamar leɓe. Wani likitan Amurka, Edward Bishop, ya fito da ma'auni a 1964 wanda har yau da shi ake aiki. Abu biyar ake dubawa: buɗewar bakin, gajarcewarsa, laushinsa, inda ya fuskanta, da yadda kan ɗa ya sauko a ƙugu. Kowanne a ba shi maki, jimla mafi yawa 13. Maki 8 zuwa sama, hanya ta shirya, ana iya fasa faya a sa ruwa. Maki 6 zuwa ƙasa, sai an nunar tukuna. In aka ɗaura ruwan naƙuda a kan bakin mahaifar da bai nuna ba, mace za ta wuni tana shan azaba, ɗa ya galabaita, hanya ba ta buɗe ba, a ƙarshe a ce an gwada ya ƙi. Alhali tun farko an tsallake mataki ne.

Mafi sauƙin dabara ita ce share bakin mahaifa da yatsa. Ungozoma ta sa safar hannu mai tsabta, ta zura yatsa ta kewaya, ta ɗan raba fatar faya da bangon mahaifa. Wannan yana sa jiki ya saki sinadarinsa na kansa mai nunar da bakin mahaifa, wanda ake kira furostagilandin. Ana yi a ɗakin awo in ciki ya kai mako 40, akwai ɗan zafi da ɗigon jini, kuma yakan rage yawan matan da za su buƙaci magani.

Sai robar fitsari, wadda ake kira Foli. Mun fi son mu daɗe a kanta, domin ga araha, ga ta a kowane asibiti, ba ta son firji, amma an raina ta. Ana ɗaukar mai lamba 16 ko 18. A kwantar da mace, a buɗe gabanta da ƙarfen dubawa, a goge bakin mahaifa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a kama robar da hantsaki a zura ta har balan-balan ɗin da ke kanta ya wuce bakin mahaifa na ciki. Sai a hura shi da ruwa mai tsabta na allura, mililita 30 zuwa 60, a ɗan ja robar ƙasa yadda balan-balan zai zauna a kan bakin, a manne wutsiyarta a cinya da filasta. Nauyin da ke danna bakin shi ke buɗe shi a hankali, yana kuma sa jiki ya saki sinadarinsa. Mace tana iya tashi ta zaga, ta ci abinci. Yawanci robar tana faɗowa da kanta in baki ya buɗe santimita uku zuwa huɗu. In awa 12 ta wuce ba ta faɗo ba a sake dubawa, kuma kada ta haura awa 24 a ciki. Kuskuren da aka fi yi shi ne hura balan-balan tun yana cikin maƙogwaron bakin bai wuce ba, sai mace ta ji zafi mai tsanani, robar ta zame ba ta yi aikin komai ba. Ba a sa ta in akwai zubar jini ko alamar cuta a gaba, kuma in faya ta riga ta fashe yawanci wata hanyar ake bi. Babban amfaninta shi ne ba ta sa mahaifa murɗawar da ta wuce kima, don haka ita ce zaɓin farko ga wadda aka taɓa yi wa aiki sau ɗaya, da wadda ta haihu biyar zuwa sama.

Yanzu ga miso, wato misofurostol, wadda ita ce ta fi jawo mana wannan wasiƙa. Asalinta maganin gyambon ciki ce, daga baya aka ga tana tausasa bakin mahaifa tana kuma murɗa mahaifa. Ƙwayar da ke kasuwa mikirogiram 200 ce. Abin da ake ba mai cikin da ya kai haihuwa kuwa mikirogiram 25 ne, kashi ɗaya cikin takwas na ƙwaya guda. In ta baki ne, duk bayan awa biyu, in a gaba ake sawa, duk bayan awa shida. Wannan ita ce ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙwayar ba ta rabuwa takwas da reza, marmashewa take yi, wani ɓari ya fi wani ninki biyu. Don haka inda babu ƙwayar 25, sai a narkar da guda ɗaya ta 200 a cikin ruwan sha mililita 200, a girgiza sosai, a ja mililita 25 da sirinji a ba ta. A rubuta lokacin haɗawa a jikin gorar, a girgiza kafin kowane sha, abin da ya kwana ya wuni a zubar. Kafin kowane sha sai an ɗora hannu a ciki minti goma an ƙirga murɗawa, an saurari zuciyar ɗa. Da murɗawa ta kama sosai, a tsaya, ba a ƙara. Wasu wurare sun saba sa kwatan ƙwaya, mikirogiram 50, domin ya fi sauri. Ya fi sauri, gaskiya ne, amma ya fi yawan jefa ɗa cikin wahala, kuma a ganinmu saurin bai kai a saya da wannan farashi ba. Wadda aka taɓa yi wa aikin haihuwa kuwa ba a ba ta miso ko kaɗan, tabon yana iya yagewa.

Ga inda ruɗanin yake. A 2006 Najeriya ta yi wa miso rajista domin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, aka kuma yi ta raba ta har ƙauyuka, abin da ya ceci mata masu yawa. Ƙwaya uku ake sha, mikirogiram 600, amma bayan ɗa ya fito, bayan an shafa ciki an tabbatar babu na biyu. Sai labari ya bazu cewa maganin haihuwa ce. Wadda aka ba ƙwaya ukun nan ɗa yana ciki, an ba ta ninki 24 na abin da ya kamata. Kuma ƙwayar da aka haɗiye ba ta dawowa, babu makunnin da za a murɗa a kashe ta.

Akwai wani ɗan'uwanta, dainofuroston, mai zuwa kamar man shafawa ko ɗan zare da ake sawa a gaba a zare in an so. Yana aiki, amma ga tsada ga buƙatar sanyi, ba kasafai ake samunsa a asibitocin gwamnati ba.

In baki ya nuna, sai a zo kan fasa faya da ruwan naƙuda. Ba a fasa faya sai kan ɗa ya zauna a ƙugu. In kai yana sama yana lilo, ruwa yana iya fisgo cibiya ta riga ɗa fitowa, kai ya danne ta, numfashinsa ya yanke cikin mintuna. In haka ta faru sai a sa mace ta durƙusa ƙirji a ƙasa ɗuwawu a sama, ma'aikaci ya tura kan ɗa sama da hannu, a haka za a gangara ɗakin tiyata. Bayan fasawa a dubi launin ruwan, a saurari zuciyar ɗa nan take. Ruwa mai kauri kore yana nuna ɗa ya yi kashi, a ƙara sa ido. Mai ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau ana jinkirta fasa mata faya gwargwadon iko, kuma kowace mace in faya ta yi awa 18 da fashewa a fara ba ta maganin kashe ƙwayoyin cuta. A rage yawan sa hannu, duk awa huɗu ya isa.

Ruwan naƙuda shi ne oksitosin a cikin ledar ƙarin ruwa. Ba a fara shi sai an yi aƙalla awa huɗu da shan miso na ƙarshe, domin in suka haɗu ƙarfinsu ninkuwa yake yi. Kwalbar allurar yunit 10 ce a mililita ɗaya. Tsarin da littafin Hukumar Lafiya ta Duniya ya shimfiɗa wa asibitocin da ba su da injin auna ruwa shi ne a sa yunit biyu da rabi a leda mai mililita 500. Hanyar cire wannan daidai ita ce a ja kwalbar duka a sirinji, a cika da ruwan gishirin asibiti zuwa mililita 10, a zuba biyu da rabi a leda, a jujjuya ledar, a rubuta a jikinta. Ana farawa da ɗigo 10 a minti, da igiyar da ɗigo 20 ke ba da mililita ɗaya. Duk rabin awa a ƙara ɗigo 10, har a samu murɗawa uku a minti goma, kowace tana wuce daƙiƙa 40. Da an samu haka a tsaya a nan, ba a ci gaba da ƙari. In an kai ɗigo 60 ba a samu ba, a haɗa sabuwar leda da yunit 5, a koma ɗigo 30 a sake hawa. Wadda ta taɓa haihuwa iyakarta ke nan, in bai yi ba sai aiki. Mai cikin fari ce kawai ake iya kai wa yunit 10 a leda. Abin da ya sa ake ƙara ƙarfin haɗi maimakon a yi ta ɗura ruwa shi ne oksitosin yana hana ƙoda sakin fitsari. In aka ɗura wa mace lita bayan lita, musamman ruwan suga, gishirin jininta yana faɗuwa, ta rikice, har ta yi fizge-fizgen da za a ɗauka jijjiga ce.

Malam Edita, a yi lissafin nan. A ɗigon farawa, kwatan kwalba ɗaya sai ya yi fiye da awa 16 kafin ya gama shiga jiki. Mai allura na unguwa kuwa kwalba guda yake tsira mata a cinya lokaci ɗaya, wani ma biyu. Ruwan da ke igiya in aka rufe shi, ƙarfinsa yana sauka cikin 'yan mintuna. Wanda aka tsira a nama ba mai iya janye shi. Allurar oksitosin a cinya tana da lokacinta, shi ne minti na farko bayan ɗa ya fito, yunit 10, domin mahaifa ta tsuke jini ya tsaya. Kafin ɗa ya fito haramun ce a aikin asibiti, ko wane ne ya yi ta. Haka ita ma kabetosin, sabuwar allurar da ke jure zafi, ta bayan haihuwa ce kawai.

Me ya sa murɗawa mai yawa take kisa? Duk lokacin da mahaifa ta murɗa tana matse jijiyoyin da ke kai jini ga mabiyiya. A tsakanin murɗawa da murɗawa ne ɗa yake samun iska. In murɗawa ta wuce biyar a minti goma, ko guda ɗaya ta riƙe har minti biyu ba ta saki ba, ɗa ya shiga shaƙa. Bugun zuciyarsa na lafiya 110 zuwa 160 ne a minti, ana saurare duk rabin awa, daidai lokacin da murɗawa ta saki, minti guda cur. In ya faɗi, ko murɗawa ta yi yawa, a cire ledar oksitosin gaba ɗaya a maye da ruwa zalla, a zare abin da ya rage na magani a gaba, a juya mace ta kwanta a gefen hagu, a duba ko cibiya ce ta zubo, a yi mata allurar tabutalin mikirogiram 250 a ƙarƙashin fata ko a ba ta salbutamol domin mahaifa ta saki. In zuciyar ɗa ba ta dawo ba, tiyata, kuma a cikin rabin awa ake so. Wani abu da ake mantawa: ɗigo yana canjawa in mace ta lanƙwasa hannu ko ta juya. Ruwan da aka saita a ɗigo 20 yana iya komawa gudu ba wanda ya taɓa shi. Saboda haka wadda ke kan ruwan naƙuda ba a barinta ita kaɗai, kuma 'yan jinya su ji tsoron Allah kada su murza makunnin igiya wai don a gama da wuri.

Fashewar mahaifa tana da alamar da ke yaudarar mutane. Mace tana ta ihu, sai ciwon ya ɗauke kwatsam, dangi su ce alhamdu lillahi ta samu sauƙi. Can sai gumi, jiri, bugun jini ya yi sauri, ciki ya ƙi taɓuwa, a ji gaɓoɓin ɗa a ƙarƙashin fata, zuciyarsa ta ɓace, wani lokaci jini a fitsari. Jinin yana zuba ne a cikin ciki, ba lallai a gan shi a waje ba. Ɗa da wuya ya rayu, uwa kuma sai an buɗe ta nan take, sau da yawa har a cire mahaifar. Wadda ta haihu da yawa ta fi shiga wannan haɗari, domin bangon mahaifarta ya yi siriri, ga shi kuma ita ce aka fi sakaci da ita, ana cewa ai ta saba. Ita kuwa yarinya mai cikin fari da ƙugunta ya yi wa kan ɗa kaɗan, mahaifarta ba ta cika fashewa ba, sai dai kai ya yi ta danne mafitsara a jikin ƙashi har naman wurin ya mutu. Bayan 'yan kwanaki fitsari ya fara zuba. Irin waɗannan ne ke cika cibiyoyin gyaran yoyon fitsari kamar ta Babbar Ruga a Katsina da ta Laure a Kano. Naƙudar da ta tsaya saboda hanya ta yi kaɗan ba ƙarin ƙarfi take nema ba, kuma ba mai iya bambance ta da naƙuda mai rauni sai wanda ya sa hannu ya duba.

Ingancin maganin kansa wata matsala ce. Oksitosin yana son sanyin firji, digiri 2 zuwa 8. Miso kuma danshi ne ke kashe ta, sai a katin alminiyam gaba da baya take daɗewa, in aka yanke katin aka bar ƙwaya a buɗe ta lalace. Wani bincike da aka yi tare da hukumar NAFDAC, aka buga a 2018, ya samu kusan kashi uku cikin huɗu na samfuran oksitosin da aka gwada ba su cika ƙarfinsu ba, miso kuma kusan kashi ɗaya cikin uku. Illar ba ta tsaya a rashin aiki ba. Ma'aikacin da ya saba da allurar da rana ta kashe yakan koyi zuba kwalba biyu ko uku, ranar da ya ci karo da mai cikakken ƙarfi sai ta yi ɓarna.

Ga iyaye da magidanta: tayar da naƙuda ba aikin awa biyu ba ne. Nunar da baki kaɗai yana iya cin kwana ɗaya ko biyu, kuma ba a cewa naƙuda ta kankama sai baki ya kai santimita 5. Ba a kuma yanke cewa an gaza sai an yi awa 12 zuwa 18 a kan ruwa bayan fasa faya, muddin uwa da ɗa suna lafiya. Kafin a fara, a auna yawan jininta da rukuninsa, a kawo masu ba da jini, domin mahaifar da ta daɗe a kan oksitosin takan gaji ta ƙi tsukewa bayan haihuwa. Maigida ya sa hannu a takardar aiki tun da rana, ko ya wakilta wani, kada a zo tsakar dare ana neman wayarsa. In ta sha maganin zaƙi, ko man zurma, ko wani jiƙo, ko ƙwaya daga kemis, a faɗa wa ungozoma gaskiya da lokacin da ta sha, ba don faɗa ba, sai don kada a ɗora magani a kan magani. Addu'a da dabino ba mai hana su, sai dai mai ciwon suga ta yi hankali da dabinon.

Ga hukumomi kuma roƙonmu a fili yake. Ma'aikatun lafiya na jihohi su riƙa sayo ƙwayar miso ta mikirogiram 25, a huta da narke-narke. Hukumar da ke ba masu kemis lasisi ta bi sawun masu sayar da oksitosin a kan kanta cikin zafin bazara. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince a riƙa ajiye oksitosin a firjin rigakafin yara, in an ware masa wuri an yi masa alama, kuma ƙananan asibitoci da yawa suna da irin wannan firji mai sola, sai dai umarnin bai isa ga mai riƙe da makulli ba. A manna jadawalin ɗigo a bangon kowane ɗakin haihuwa. Asibitin da ba shi da ɗakin tiyata, ko yana da shi amma babu likita da mai sa barci da dare, ya tura mai buƙatar tayar da naƙuda gaba tun da safe, da takardar da ke ɗauke da makon cikinta, awon jininta, da duk abin da aka riga aka ba ta.

Wassalam.

Naku,
Wasu ungozomomi da likitocin mata, daga Kano.